Bidiyon da Aka Rufe da Tawul

Har gobe ban manta da ranar da Alhaji Sale ya shigo zaurena a Unguwar Hajji da filashi, ɗan abin nan na ajiye bidiyo, a aljihu da tawul a kafaɗa ba. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya ba ku same shi ba. Shi ne shugaban sashenmu a lokacin, ni kuma mai ɗaukar hoto, ƙasa da shi da matakai da yawa. Kwamfutar ofis ta daɗe da mutuwa, don haka duk aikin bidiyo a gida nake yinsa da tawa.

Bayan mun gaisa ya faɗi abin da ya kawo shi. Mahaifiyarsu, Inna, tana kwance a Jajaye, jiki ya yi tsanani. Autarta da ke aure a Fatakwal ta haihu bayan shekaru tana nema, an yi suna, an turo bidiyo. Tsohuwa ba ta da magana sai ta ga jaririn. Idonta ba ya ganin allon waya, sai talabijin ɗin ɗakinta, wanda ke haɗe da wata tsohuwar na'urar faifai mai cin filashi. An sa bidiyon, na'ura ta ƙi.

Ga wanda bai san aikin ba, kowane bidiyo da irin tsarinsa. Wayoyin yanzu da sabon tsari suke ɗauka, tsofaffin na'urori kuwa ba su san shi ba. Sai a sa manhaja ta juya shi zuwa tsohon tsari, a rage girman hoto, a daidaita murya. Manhajar nan kuma maƙaryaciya ce, ko ta ɓata aiki sai ta rubuta maka an gama. Ba ka sanin gaskiya sai an kunna an kalla.

Na sa filashi, na kai hannu zan buɗe, sai Alhaji ya shimfiɗa tawul a kan allon.

"Malam Habu, juyawa na ce ka yi, ban ce ka kalla ba. Bikin mata ne a cikin gida, wasu ko mayafi babu."

"Ranka ya daɗe, ban ƙi ta taka ba, ni ma ba zan so a kalli iyalina ba. Amma ga maiɗakina Rabi a ciki. Ta kalla, ina bayan labule, ta faɗa min abin da ta gani."

"Yau ta gani, gobe duk Karaye an san wacce ta yi rawa. A'a."

"To a kawo min na'urar in gwada ta da wani bidiyon nawa."

"Da ita Inna ke sauraron karatu. Ba za a ɗauke ba."

Haka na yi aikin ina leƙen maɓallai ta gefen tawul kamar mai satar amsa a jarrabawa. Da manhaja ta ce an gama, ya tsaya a kaina na goge komai daga kwamfuta, ya ba direbansa filashi ya kai Jajaye. Na'ura ko ganin bidiyon ba ta yi ba.

Ya dawo da tawul ɗinsa, na canza tsari, aka sake kaiwa. Wannan karon murya ta fita, hoto kuwa baƙi ƙirin. Direban ne ya ba ni labari, ya ce matan gidan sun ce da Inna ta ji guɗa da kukan jariri sai ta miƙa hannu wajen talabijin tana cewa, "Ina yake? Ku kunna fitila mana." Washegari Alhaji ya kira ni gaban kowa a ofis ya ce kwas ɗin da aka tura ni asara ce. Wallahi sai da na riƙe gefen tebur. Mutum ya ɗaure maka ido da hannunsa, sannan ya tara jama'a ya ce ba ka gani!

Na haɗiye, na sake yi, saboda tsohuwar. A karo na uku hoto ya fito, amma a karkace, kuma ya daskare a kan tukwanen tsakar gida tun kafin a nuno mai jego.

Ranar Alhamis da hantsi na ji sallamar mace. Hajiya Hajara ce, yayar Alhaji, ta sauko daga acaɓa da na'urar a cikin buhu da filashi a ƙulle a bakin mayafi.

"Malam, bar wancan da taurin kansa. Ni na goya shi. Ina matar taka?"

Suka zauna ita da Rabi, na koma bayan labule ina tambaya. Kallo ɗaya Rabi ta yi ta ce, "Ai a tsaye aka riƙe wayar, hoton dogo ne siriri." Shi ke nan ciwon. Na'urar ba ta karɓar hoto sai na kwance, kuma ƙarami. Na faɗa mata inda za ta danna, muka gwada a talabijin ɗina. Kafin azahar na ji Hajiya Hajara tana kuka tana cewa, "Hancin Inna ne sak."

Ta hau acaɓa da murnarta. Tana isa Jajaye ta tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Na je ta'aziyya, na zauna kusa da direban. Da na ce masa abin da ke ci min rai shi ne da ranar farko aka bari aka kalla da tuni an gama, sai ya dube ni da mamaki ya ciro wayarsa.

"Wai bidiyon sunan? Ai ni ma ina da shi. Tun ranar mijin mai jego ya watsa shi a zauren dangi na waya, maza da mata kowa ya gani."

Na ture hannunsa na tashi. Alhaji yana can kan darduma yana karɓar gaisuwa, na yi masa addu'ar da ta wajaba na fita, don in na ƙara minti ɗaya zan faɗi abin da ba a faɗa a gidan makoki.

Tun daga nan na kafa sharaɗi, ku ma ku kafa. Duk wanda ya kawo aiki, ko waye shi, sai an sami idon da zai duba kafin ya bar hannuna. In na mata ne, Rabi ke dubawa, yanzu ma ta fi ni sauri. In mai aiki ya ce shi ba wanda zai kalla, ku miƙa masa filashinsa da ladabi ya yi gaba. Mutanenmu suna da kunya, abu ne mai kyau, amma wani ba ya bambance kunya da son a ce shi ne mai gida.

Yaron da aka yi wa sunan nan yanzu ya isa shiga makaranta. An ce duk dangi sun san fuskarsa tun yana cikin zanen goyo. Mu biyu ne kawai ba mu gan shi ba, ni da Inna.