Naman da aka jera da hannu

A Faransa kowa girek yake ce masa, ko da mai sayarwar bai taɓa taka ƙasar Girka ba. Nama ne da ake jerawa a dogon ƙarfe a tsaye, yana juyawa gaban wuta, ana yankar gefen da ya gasu ana zubawa cikin burodi da salati da albasa da firit, wato soyayyen dankali. Kawuna, wan mahaifiyata, shi ya fara saya mini a makon da na sauka wajensa a Montreuil, gefen Paris.

Gidan su mahaifiyata mahauta ne a Maradi. Kawu ya yi shekaru yana aikin gadi a Paris, amma idonsa na mahauci bai bar shi ba. Sai mu wuce shago uku bai shiga ba, leƙawa kawai yake yi ta gilashi. Ranar da na tambaye shi abin da yake dubawa, ya nuna mini da haɓa.

"Ka ga wancan sumul kamar an shafe bango? Niƙaƙƙe ne, daga firiza ya fito. In an jera nama da hannu za ka ga layi-layi, da kitse a tsakani. Kai mai karatu ne, ka karanta wannan ma."

Na zauna a ɗakinsa wata takwas, yana ciyar da ni, bai taɓa nuna gajiya ba. Daga baya na samu gurbi a jami'a a Lyon, na kama ɗan ɗaki a Vénissieux, gefen garin. Ana cikin zango na biyu ya kira ni, muka gaisa a gurguje, ya ce zai zo ranar wata Asabar ya ga inda nake, ya koma da yamma.

Ban iya girkin da za a ajiye wa babba ba. Kuma ban so mutumin da ya ciyar da ni haka ya zo garina ya ci abin da zai tauna don kara kawai. Ina da mako uku. Na ware shafukan ƙarshe na karnen darasina, wato littafin da nake rubutu a ciki, duk inda na ci sai in rubuta unguwa, da kamannin naman, da ko burodin ya sha wuta. Wani wuri gishiri ya yi yawa. Wani sun lulluɓe komai da farar miya har ba ka jin nama. Na taɓa shiga gidan abinci na Girkawan ainihi a tsakiyar gari, don na karanta cewa daga can abin ya samo suna. Na zauna, na bi takardar abincin layi-layi, sai na ga nasu na alade ne. Kunya ta hana ni tashi nan take, na sha shayi na fita.

Wanda nake nema ashe yana kusa da inda nake sauka daga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, kullum. Ƙaramin shago ne mai tebur huɗu, na wani dattijo Baturke da matarsa, an rubuta halal a ƙofa. Naman maraƙi ne, layi-layi, kuma matar ce ke gasa burodin a ciki. Na ci sau uku a ranaku daban-daban kafin na ja layi ƙarƙashin sunan wurin a littafina.

Ranar Asabar na tarbo Kawu a tashar jirgin ƙasa, muka yi azahar a ɗakina, muka tafi. Ya tsaya a ƙofar shagon ya daɗe yana duban ƙarfen. Sannan ya shiga. Akwai mutum biyar a bayanmu. Dattijon ya tambaye mu miyar da muke so, sai Kawu ya miƙa tafin hannu ya ce masa da Faransanci a ba shi ɗanɗano tukuna.

A gida haka ake yi. Mai balangu yakan yanko maka ƴar tsoka ka taɓa kafin ka ce na nawa. A nan ban taɓa ganin wanda ya yi ba. Na matsa kusa da shi.

"Kawu, nan ba a ɗanɗanawa," na faɗa a hankali.

"To a makance kuke saya? Shi ya sa kuka rame, ƴan boko."

Dattijon ya dubi hannun, ya dube ni, sai ya yi dariya. Ya yanko gefen da ya fi gasuwa ya miƙo a bakin wuƙa. Kawu ya tauna a natse, ya tambaye shi ko kitsen rago ne a saman. Dattijon ya ajiye wuƙar ya ce na rago ne, da asuba shi da kansa yake jerawa. Suka shiga zancen nama, na baya suna jira, ni kuma ina kallon ƙasa.

Da muka zauna Kawu ya ciro ƙullin yaji daga aljihun rigar sanyinsa, irin na ƙuli-ƙuli da ake aiko masa daga Maradi, ya barbaɗa mana. Dama ya ce kada a sa masa miya ko kaɗan. Dattijon ya zo ya dangwala da yatsa, ya yi tari, ya sake dangwalawa. Kawu ya cinye nasa tas. Ina jiran hukunci, sai ya goge hannu ya ce:

"Je ka ce a ƙunsa mini ɗaya, in ci a jirgi."

Sauran yajin ya bar wa mai shagon.

Na ƙara shekara biyu a Vénissieux. Duk ranar da na shiga, kafin in buɗe baki dattijon yakan yanko ƴar tsoka ya miƙo mini a bakin wuƙa, ya tambayi lafiyar kawuna. Ban taɓa roƙa ba, amma ina karɓa, ko da akwai mutane a bayana.