Bakari da Motar da Ba Ta Tari

Duk wanda ke sayen wake tsakanin Tibiri da Cadakori ya san Bakari direba. Dogo ne siriri, magana sai an tatso ta. A ruga aka haife shi, ya yi kiwo har gemu ya fito masa, fari ya cinye garken ubansa, shi ne ya shigo gari ya koyi tuƙi. Ni ke zama gefensa in za mu kasuwannin ƙauye auno wa Alhaji Haidar wake, don haka na san halinsa ciki da bai.

Da can wata tsohuwar a-kori-kura muke shiga, mai tari kamar tsohon mashayin taba. Tun ba ta ɓullo ba an san ta taso. Bara Alhaji ya sayar da ita, ya kawo wata sabuwa mai cin abinci biyu: tana shan mai, ana kuma jona ta da wutar faranti mai aiki da rana a gidansa. In tana tafiya da batir ba ka jin komai sai kukan taya a yashi.

Ni dai abin ya ɗaure mini kai, don Bakari ba ya tuƙa ta yadda Alhaji ya ce, wato a fara da batir don a rage shan mai. A kwalta sai ya kunna inji ya adana batir. Sai mun sauka hanyar yashi inda dabbobi suke, sannan ya mayar da ita kan wuta, ya lallaɓa ta tsakiyar garke, shanu ko kai ba sa ɗagawa. In za mu gangara ya ɗage ƙafa batir ya riƙa ƙaruwa, ya ce motar na tuƙa abin da ta ci, kamar nagge. Na ce masa, "Kai dai Bahillace, an ba ka mato ka maishe ta saniya." Ya yi murmushi kawai.

Rugarsu tana bakin wannan hanyar, bayan wata tsamiya. Mahaifiyarsa Inna Asta na nan, ciwon yana ya rufe mata ido. Bakari ɗan fari ne, kuma a wajensu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, shi ma haka. Shekara da shekaru muna wucewa ba ya tsayawa sai da Sallah. Wannan kunya tasu tana ba ni haushi, na kuma sha faɗa masa.

Ran nan muna dawowa sai ƙanwarsa Binta ta tare mu da ƙwaryar nono a ka. Ta ce Inna ta rage cin abinci, kullum tana zaune bakin bukka kunnenta na hanya. Ba ta tambayi kowa ɗanta ba. Abin da take tambaya ɗaya ne: "Matar nan mai tari, ta bar bin hanyag ga?" Mota take nufi. Ashe duk shekarun nan tarin a-kori-kura ne gaisuwarsu. In ta ji shi ta san yana raye, ta tashi ta kama aikinta. Tun da aka sauya mota take zaton wani abu ya same shi ana ɓoye mata. Binta ta rantse mata lafiyarsa lau, Inna ta ce ita ba ta tambayi lafiyarsa ba.

Bakari ya ja mota muka wuce. Na ce ya riƙa danna odar mota in mun zo tsamiya. Ya harare ni, ya ce ba a yi wa babba oda, kuma maruƙa za su watse. Zuwanmu na gaba sai ya kunna inji tun daga nesa, ya taka mai. Aikin banza. Injin sabo ne, muryarsa laushi gare ta, tsohuwa ba ta san ta ba. Muna hango ta ba ta ko motsa ba.

Ya wuce tsamiyar kaɗan, sannan ya taka birki. Ya fita, ya cire takalmi, ya tsuguna nesa da bukkar ya ba ta gefe, ya yi sallama can ƙasan maƙoshi. Tsohuwa ta miƙe zaune, ta juya fuska wajen turken maruƙa. Na ga hawaye na bin kuncinta, ni ma sai da nawa suka kawo.

Bakari ya ce wa Binta da ke tsaye gefe, "Ki gaya ma mutanen gida, an canza mato. Wagga ba ta da baki."

Inna Asta ta share fuska da gefen zane, ta ce, "Binta, ki ce ma mai mato, in ita ba ta da baki, shi ai yana da."

Yanzu ba ma wuce tsamiyar nan sai ya tsaya, ko da Alhaji na jiranmu. Ya tsuguna, ya yi sallama, ita kuma ta amsa tana kallon maruƙa. Har yau ban ji ta kira sunansa ba, amma Binta ta ce tana cinye tuwonta.