Na sa ƙusa a gurbin fiyus, wayar Inna Hure ta ƙone

Jama'a, yau da rana tsaka shagon cajina na Tsafe ya ci wuta, kuma ni na jawo da hannuna!

Fiyus ɗin batirin solata ya cika ƙonewa. Makon jiya na gaji da zaryar Gusau sayen sabo, sai na cusa ƙusa a gurbinsa. Malam Sani mai gyara ya ce, "Wanga abu da ka cire shi ne mai gadinka." Na yi dariya.

Ɗazu bayan azahar sai ƙauri! Kebur ya yi jawur. Maƙwabcina na ihu, "Kashe! Kashe!" In kashe ina? Ban taɓa sa makunni tsakanin batir da na'urar inbata ba. Kafin mu watsa yashi, wayoyin mutane sun narke a kan tebur.

Sai ga Inna Hure, wata tsohuwa daga 'Yankuzo, ta zo karɓar tata. Na ce, "Inna, zan saya miki sabuwa."

Ta jujjuya ƙonanniyar robar a tafinta, ta ce, "Muryar ɗana Lawali mai rasuwa na ciki. A wane shago ake sayar da ita?"