Ƙunshin da Likita Ta Koya wa Inna

Duk tsawon raina ba zan manta da shekarar da na je goyon cikin fari gidanmu a Haɗeja ba, na tarar mahaifiyata ta daina taɓa mutane.

Inna mace ce mai hannu. Bandar kifi take yi, kuma rabin yaran unguwarmu ita ta yi musu wankan farko. Amma da na sauka daga adaidaita na nufo ta, sai ta cusa hannayenta cikin mayafi ta gaishe ni daga nesa. Sai da na matsa mata sannan ta nuna mini. Tafin hannunta da na ƙafarta sun cika da ƙananan ƙuraje masu mugunya. Wasu sun bushe sun yi ja, fatar ta tsattsage har taka ƙasa yana yi mata wuya. Ta daɗe tana fama, ya lafa ya dawo. Ta shafa man kaɗanya, ta jiƙa bagaruwa, har toka ta gwada. Ta ware kwanonta da butarta, domin a unguwa an fara raɗe-raɗin kuturta.

"Idan kin sauka, gwaggonki ce za ta yi wankan," in ji ta. "Ni ba zan sa wa jikana wannan hannu ba."

Maganar ta ƙona mini rai. Ni kuwa ban iya haƙuri da abu ba, don haka ranar awona na ce ta raka ni asibiti, muna zuwa na ja ta wajen likita.

Likitar wata doguwar mata ce 'yar Filato, Hausarta da ɗan gargada. Inna ta miƙa hannu a ɗarare, sai kawai matar ta kama shi da nata, babu safar hannu, tana juya shi tana dubawa. Inna ta fizge.

"Ke 'yar nan, ba kya tsoro?"

"Mama, wannan ba kuturta ba ce, kuma ba a ɗaukarsa. Ko jariri ba zai ɗauka ba."

Ta rubuta man shafawa mai ƙarfi, ta shiga bayanin a shafa a rufe don ya ratsa fata mai kauri. Daga yadda Inna ke kallonta, na san ba ta gane komai ba. Likitar ta lura. Ta ɗan yi tunani, sai ta dubi lallen da ke ƙafata.

"Mama, yaya ake yin wannan?"

"A kwaɓa, a shafa, a ɗaure da leda, a kwana da shi."

"To, haka za ki yi da man nan."

Inna ta kwashe da dariya, karon farko tun zuwana. "Ashe ƙunshi ne! Ki ce ƙunshi mana, kike ta wahalar da bakinki." Nan take kuma fuskarta ta canza. "Alwala fa?"

"Ki ɗaura bayan isha'i, ki kwance kafin asuba."

Matar nan ba musulma ba ce, amma ko daƙiƙa ba ta ɗauka ba wajen amsawa. Ta kuma gaya mana gaskiya: ciwon yakan tafi ya dawo, man mai ƙarfi na ɗan lokaci ne don yana sa fata ta yi sirara, daga baya sai man laushi kullum, a kuma rage wanki da garin sabulu.

Ban taɓa ganin mai riƙon magani irin Inna ba. Ledarta a yanke, safarta a wanke, ko baƙi aka yi sai ta ce, "Ku yi haƙuri, amarya za ta shiga lalle." Kafin watana ya tsaya, mugunyar ta kafe, fason ya haɗe, sai tabo da ɗan kaushi.

Na haifi namiji. Washegari uwar mijina ta iso daga Kirikasamma, ita ma raɗe-raɗin kuturtar ya kai kunnenta. Aka kawo ruwan zafi, Inna ta koma bakin ƙofa.

"Bai warke duka ba," ta faɗa a hankali.

Na tashi da ƙyar na ɗora mata jaririn a hannu. Surukata ta buɗe baki, ta dubi tafin Inna, ta dubi fuskarta, sai ta tura mata bahon da kanta. Hawaye na zubo wa Inna, amma bakinta bai mutu ba.

"Wannan ne mijin da aka yi mini? Ko hanci babu!"

Ciwon ya sha dawowa tun daga nan, takan ɗauko ledarta ba tare da fargaba ba. Ni dai abin da na koya shi ne, ba a warkar da mutum daga nesa. Sai ka yarda ka taɓa shi, ka kuma yi masa magana da abin da ya sani, sannan maganinka zai shige shi.