Bijimin Laka Mai Ido

Ranar wata Alhamis da la'asar, a kakar shekarar da na shiga aji uku na firamare, na ga bijimin da na gina da laka ya taka ya yi tafiya. Wallahi saura kaɗan in saki fitsari a wando.

A ƙauyenmu na kusa da Tafoki, in mun kai shanu fadama, aikinmu ke nan ƙwaƙular laka a bakin rafi. Mu gina shanu, mu ɗora masu tozo, mu soka farar ƙaya a mazaunin ƙaho, mu shanya su bisa dutse. Ido ne kawai ba ma sa masu, don kakarmu Inna Dije ta sha gaya mana, "Wanda duk ya gina abu ya yi mashi ido, gobe ƙiyama sai an ce ya hura mashi rai." Ni kuwa da rawar kai, na zauna na kwaikwayi Ɗan Fari, bijimin huɗar Baba, har da karkataccen ƙahonsa na hagu. Da na ga ya yi kyau, sai zuciya ta ɗebe ni na liƙa mashi 'ya'yan tsiron nan idon zakara guda biyu, jajaye wur.

Lokacin Yaya Sale, ɗan wan babana da ke karatu a Funtuwa, ya zo hutu da waya mai ɗaukar hoto. Kullum bakinsa na kan wani fim da ya gani na 'yan tsanar laka masu yawo da magana, mu kuwa muna cewa zuƙi ta malle ce. Ya ari bijimina na tafi yankan ciyawa. Ina dawowa ya ce, "Zo ka ga sanka." Na leƙa wayar, sai ga shi ya ɗaga ƙafa, ya ratsa gaban turmi, ya waigo ya zuba mani jajayen idanun nan. Na yar da lauje na yi waje da gudu.

Ban kai ƙofar gida ba na ji salatin Baba daga turke. Ɗan Fari ne kwance, ciki ya kumbura kamar ganga, kumfa na zuba daga bakinsa. Ga dawa zube a gona tana jiran amalanke, kuma ba mu da wani san ja sai shi da abokin huɗarsa. Baba ya aika a kira Malam Jaɓɓi, Bafillacen da ke duba mana dabbobi, ya kuma ce a wasa wuƙa a ajiye kusa. Nan take na gama lissafi a raina: ran Ɗan Fari ne ya fita ya shiga na laka, kuma ni na buɗe mashi ƙofa da idon zakara. Na koma na sungumo bijimin lakar na ɓuya bayan rumbu. In na fasa shi, ina tsoron ran ya fashe tare da shi. In na bar shi, zai ƙarasa zuƙe na gasken. Tunda nake ban taɓa jin tsoro irin na wannan yammacin ba.

Nan Yaya Sale ya same ni, majina shaɓe-shaɓe. Da na gaya mashi, ya fara dariya, sai ya dubi fuskata ya haɗiye ta. Ya jingina wayar da dutse, ya ajiye bijimin a gabanta ya ce, "Matsa shi kaɗan, kamar ƙwayar gero, ka janye hannunka." Na matsa, ya ɗauki hoto. Na ƙara, ya ƙara. Haka muka yi ta yi har gwiwoyina suka yi tsami, tafiyar da ba ta kai taki ɗaya ba. Sannan ya danna hotunan da sauri, ɗaya na bin ɗaya, bijimi ya kama tafiya. A wani hoton har ga ɗan yatsana da na makara ban janye ba.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba sai da Malam Jaɓɓi ya taɓa cikin ya ce gyauron dawa san ya ci, wato tohon da ke fitowa bayan an sare kara. Ya ɗura mashi manja da kanwa, Ɗan Fari ya saki wata gyatsa mai wari, ya yunƙura ya miƙe. Inna Dije da ta ji labarin ta ce, "Maigida, kai da ko kaza ba ka iya kamawa, kai za ka zare ran sa? Amma dai ƙwaƙule mani idanun nan."

Bayan 'yan shekaru masu bindiga suka shigo, suka kwance Ɗan Fari da abokinsa suka kora daji, mu kuma muka kwaso kaya muka dawo Funtuwa. Yanzu in ɗiyata na kallon irin fina-finan nan tana ƙyalƙyala dariya, ni yatsun da aka janye nake hangowa da haƙurin masu su. Yaran ƙauyenmu sun daina zuwa bakin rafin, kuma abin da suke tsoro ba wanda zai iya zaunar da su ya nuna masu cewa hannu ne kawai. Hotunan suna nan a wayata, Yaya Sale ya tura mani. In kewa ta dame ni sai in danna su da sauri, Ɗan Fari ya sake ratsa gaban turminmu.