Shanun da Ba Su da Tozo

Shekarar da na ajiye aikin koyarwa na ɗauka hutu zan yi. Shekara talatin da biyar ina fita daga gidanmu a Kibiya da sassafe, da farko a keke, daga baya a babur, in je in tsaya gaban allo. Da aka sallame ni sai na rasa inda zan sa kaina. Ba ciwo nake ji ba. Abinci ne ya daina yi mini daɗi, hira ta zame mini aiki, in na zauna a zaure sai ƙirjina ya yi nauyi kamar an aza mini buhun dawa. Mai ɗakina ta jiƙa mini saƙe-saƙi, limaminmu ya yi mini rubutu na sha. Da ƙanena ya kai ni asibiti a Rano, likita ya ce jinina ya ɗan hau, amma babban abin shi ne damuwa.

Na ce, "Likita, ni fa ba ni da abin damuwa. 'Ya'ya sun girma, rumbu da hatsi."

Ya ce irin wannan ba ta tambayar rumbu.

'Yata ta biyu tana karatun jinya a Kano, ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa nake kiranta Uwata. Ta zo hutun mako biyu da wani abu da ta aro a makarantarsu, kamar tabarau amma mai kauri, da maɗauri na ɗaurawa a kai. Ta ce in mutum ya sa shi sai ya gan shi a wani wuri dabam, ya waiga dama ya waiga hagu duk wurin ne. Ta ce suna gwada shi ga masu damuwa, don su koyi zama su natsu, su lura da numfashinsu.

Na ce, "Uwata, ba dai tsafin Nasara kika kwaso mini ba?"

Ta yi dariya. "Baba, hoto ne kawai. In ka ga dama ka riƙe carbinka kana ciki. Ba abin da zai hana."

Da hantsi ta shimfiɗa mini tabarma a ƙarƙashin rumfa ta ɗaura mini. Akwai muryar wata mata a ciki tana magana da Turanci a hankali, Uwata ta kashe ta, ta ce ita za ta yi mini da Hausa. Ranar farko teku aka nuna mini. Ban taɓa ganin teku ba, kuma ruwan ya yi ta tahowa kaina har jiri ya ɗebe ni, na fizge abin na ajiye. Rana ta biyu wani daji ne fari fat da ƙanƙara. Na zauna ina kallo kamar baƙo a gidan biki.

Tana gefena tana cewa, "Ja numfashi ta hanci, Baba. Ji yadda yake shiga. Sake shi a hankali. In tunani ya zo kada ka kore shi, kada kuma ka bi shi. Ka gan shi, ka ce ga shi nan, ka dawo kan numfashi."

Na ce mata ai wannan shi ne abin da malaminmu na allo yake faɗa mana game da salla, zuciya ta tafi ka jawo ta. Ta ce to na ga ashe ba baƙon abu ba ne.

Rana ta uku sai na gan ni a kan wani tudu kore shar, ciyawa har idon sawu, ga shanu suna kiwo kewaye da ni. Jajaye da fari-fari, gajerun ƙaho, ba ko ɗaya mai tozo. Na yi dariya, karo na farko cikin watanni, na ce wa Uwata waɗannan wane irin shanu ne kamar an goge musu baya. Sai wata saniya ta matso kusa, ta sunkuya tana figar ciyawa. Na ji ƙarar figar a kunnena, na ji hucin hancinta. Ban san lokacin da hawaye ya cika cikin tabarau ɗin ba.

Ba shanun nake gani ba. Abokina nake gani.

Bafillace ne, rugarsu tana bayan gonarmu ta gado a Kahu. Tun muna samari muka saba. Ni ina ce masa Agwai, shi yana ce mini Kaɗo, in kuma yana son tsokana ya ce Modibbo, wai malamin boko. Bayan an kwashe amfani yakan kwantar da shanunsa a gonata su yi mini taki. Saniyata ɗaya tilo a garkensa take. Duk Asabar, in na gama aikin gona, nakan taka in same shi a gindin tsamiyar bakin rafi. Matarsa ta kawo kindirmo a ƙwarya, mu sha, mu zauna. Abin da na fi tunawa shi ne ba ma yawan magana. Yakan jingina da sandarsa ya yi ta kallon dabbobinsa, in na fara zuba surutun makaranta ya ce, "Kaɗo, yi shiru ka ji yadda suke ci." Sai in yi shiru. Mukan kai la'asar a haka, in koma gida zuciyata wasai.

Tsakanin gonata da ta maƙwabcina akwai burtali, hanyar da shanu suke bi zuwa rafi. Da iyali suka ƙaru na fara cin gefensa, bana kunya biyu, baɗi kunya uku. Maƙwabcina ma yana ci ta nasa ɓangaren. Hanyar ta matse har ta zama shanu sai sun bi ɗaya bayan ɗaya. Wata damina suka faɗa mini cikin dawa ta fara kunno kai, suka yi ɓarna. Raina ya ɓaci. A gaban mutane, a ƙofar mai unguwa, na ce masa, "Ku dai haka kuke, ba ku da ƙasa, ba ku san zafin ta wani ba."

Ya dube ni, ya gyara malafarsa, ya tafi. Washegari na tarar da saniyata da ɗan maraƙinta a ɗaure a bakin gonar. Da kaka ta yi suka tashi. An ce sun yi kudu. Shekara goma sha biyu ke nan a lokacin, ban taɓa ba kowa wannan labari yadda yake ba. Ko ni kaina in ya zo mini sai in tashi in nemi abin yi, kuma a lokacin da nake koyarwa abin yi ba ya ƙarewa.

Uwata ta ce, "In cire maka, Baba?"

Na ce ta bari. Ta ci gaba da maganarta a hankali, ja numfashi, sake shi. Tunanin ya zo, na gan shi, ban tashi ba. Da ta cire mini na share fuska, na ba ta labarin tun daga farko. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ni ba. Ba ta ce ban yi laifi ba, na kuwa gode mata da haka.

Sauran kwanakin hutun kullum tudun nan nake cewa ta sa mini. Minti goma da hantsi, carbi a hannuna. Da ta koma Kano ta tafi da abin, amma ta bar mini yadda ake yi. Nakan zauna a rumfar in rufe ido in bi numfashina. Wata rana ya yi amfani, wata rana in tashi yadda na zauna. Maganin likita ma ban fasa sha ba. A hankali tuwo ya dawo da ɗanɗanonsa.

Na shiga cigiyarsa. Na tambayi masu tallan nono, na je kara na tambayi dillalan shanu. Wata na biyar aka haɗa ni da wani dattijo a wajen Rurum wanda 'yarsa take auren ɗan abokin nawa. Ya ba ni lambar ɗan. Na yi kwana uku da takardar a aljihu kafin in buga.

Ɗan ya ɗauka, ya gane ni, ya ce suna can bayan Jos, mahaifin nasa yana nan da rai amma kunnensa ya yi nauyi. Na ji ana tafiya da wayar, na ji kukan maraƙi, sai muryarsa, ta tsufa ta yi rawa.

"Wane ne?"

"Ni ne, Agwai."

Sai ya ce, "Kaɗo? Kana duniya?"

Muka gaisa da ihu kamar masu kiran juna daga gona zuwa gona. Ya tambayi mai ɗakina, na tambayi matarsa, ya ce ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Na yi masa ta'aziyya. Sai na ce, "Maganar nan da na faɗa maka a ƙofar mai unguwa, ka yafe mini."

Ya ce, "Me ka ce? An yi ruwa a Kahu?"

Na ɗaga murya na maimaita. Ya sake tambayata ruwa. A karo na uku sai ya ce, "Na ji tun farko, Kaɗo. So nake ka faɗa sau uku. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Na yi dariya ina hawaye. Ya tambaye ni tsamiyar bakin rafi. Na so in ce tana nan, amma na gaya masa gaskiya, an sare ta an yi gawayi. Ya ce, "Ayya." Muka yi shiru mu biyu, ina jin shanunsa ta cikin wayar, har layin ya yanke.

Da damina ta zo na bar kunyoyin nan na burtali ban shuka ba. Ba saniyar da ta bi, don gaba da ni duk an nome hanyar har bakin rafi. Ciyawa ce kawai ta fito, awakin unguwa suka cinye.

Muna waya yanzu wata-wata, in sun sami wurin da layi yake kamawa. Ya ce in zo in sha nono tun yana da idon ganina. Na ce bayan kaka. Kaka biyu ta wuce, sau ɗaya gwiwata ta hana, sau ɗaya sun tashi sun ƙara gaba. Na tambayi wani direba a tasha, ya ce daga inda mota take tsayawa sai an yi tafiyar awa biyu a babur, kuma in ruwa ya sauka hanyar ba ta biyuwa. Na ce masa ya riƙa sanar da ni in ta bushe.