Hamur Ɗin Baba Ɗanmusa

Nu'uman gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi a unguwar Sultana ta Madina, amma kowa a layinsu ya san zuciyarsa tana bakin teku. Duk Asabar sai ya ɗauki zare da ƙugiya ya bi hanyar Badar har gaɓar Rayis, ya dawo da yamma fuska a ƙone, hannu wayam. Shekara ashirin ana haka. Matarsa Rumaisa tun tana yi masa tsiya har ta gaji ta bari.

Ba rashin iya kamu ba ne, gado ne ya ɗaure shi. Mahaifinsa, Baba Ɗanmusa, masunci ne daga Yawuri, ya zo aikin Hajji yana saurayi ya zauna a Madina, garin da ba kogi. A saman bene ya koya wa ɗansa fatsa: tsohon ya riƙe bakin zare a matsayin shi ne giwan ruwa, ya fizga ya ja da baya, Nu'uman na riƙe da ɗaya bakin. Dokarsa ɗaya ce, in babban kifi ya ɗauka a sakar masa zare, ya yi ta gudu har ya gaji. Mai ja nan take, a wurinsa, ɗan koyo ne.

To, hamur, babban kifin tekun nan, ba giwan ruwa ba ne. Ka sakar masa taku ɗaya ya shige ramin dutse, zare ya tsinke. Masuntan Rayis sun faɗa wa Nu'uman har bakinsu ya bushe. Ya san gaskiyarsu. Amma duk abin da tsohon ya zo da shi daga gida ya ƙare, har Hausar ma jikoki da Larabci suke amsa masa. Wannan doka kaɗai ta rage, shi kuwa ya kasa zama wanda zai yar da ita.

Bara tsohon ya kwanta, ido ya tafi, abinci ya daina shiga. Wata safiya ya ce ba abin da yake marmari sai romon kifin da ɗansa ya kamo da hannunsa, ba na kasuwa ba.

Nu'uman ya isa Rayis da hantsi. Kifi na farko ya sakar masa, ya tafi da ƙugiya. Na biyu ma haka. Da la'asar ta kawo jiki aka sake fizga, sai ya naɗe zaren a hannu ya ja da iya ƙarfinsa, zare ya yanka masa tafi. Hamur ya fito, ƙato. Nu'uman ya zauna kusa da shi ya yi kuka.

Rumaisa ta yi romo. Nu'uman ya shirya ƙaryar da zai yi in an tambaye shi, amma tsohon bai tambaya ba. Hannunsa ya lalubo ya kama, ya bi yankan da yatsa tun daga farko har ƙarshe.

“Ka ja,” in ji shi.

“Na ja, ya abuya. Ka yafe mini.”

Tsohon ya ce, “Ni kogina na koya maka. Tekun nan ban taɓa jefa ƙugiya a cikinsa ba. Shekara nawa kana sakar musu?”

“Ashirin.”

Bai saki hannun ba. Da ɗayan ya yi nuni a matso da kwanon, ya sha cokali uku. Shi ne abincinsa na ƙarshe.